'Ya'yan Fari Ba Sa Ciwo

Tun da aka fara kirana Farfesa, ɗalibai kan tambaye ni wane bincike ne ya fi tsaya mini a rai. Nakan gyara zaman tabarau in ambaci wanda aka buga aka yaba. Ƙarya nake yi musu. Wanda ya fi tsaya mini a rai ba a taɓa buga shi ba. Ni da hannuna na janye shi, kuma saboda shi na ƙara wasu shekaru ina leƙen kujerar farfesa daga nesa.

Fannina ilimin garkuwar jiki ne, wato yadda jini ke gane cuta, ya yaƙe ta, ya kuma riƙe kamanninta saboda gaba. Mutanen gidanmu a Kankia ba su taɓa fahimtar aikin ba. Da sun ji an ce Dakta ya zo, sai a kawo mini ciwon ƙugu da hawan jini. In na ce ni ba irin wannan likitan ba ne, sai su dube ni da tausayi, kamar wanda ya shiga makaranta bai ƙarasa ba.

A lokacin da nake ba da labari ina babban malami a jami'a, takarda ɗaya mai nauyi ta rage mini in cika sharaɗin neman farfesa. Sa'o'ina biyu sun riga sun haye. Na je walimarsu, na ci shinkafarsu, na rungume su, na dawo gida ina huci. Matata ta ce ko a ba ni ruwan sanyi, na ce ni lafiyata ƙalau, murna ce ta yi mini yawa.

Sai na tsara bincike a ƙauyukan Kusada: Mawashi, Bauranya, da rugagen da ke kewaye da su. Niyyata in bi yaran manoma da na makiyaya damina guda cur, in ga su wa zazzaɓin cizon sauro ya fi kayarwa, in kuma duba jininsu in ga dalili. A ofis na zauna, ƙarƙashin fanka, na zana takardar tambayoyi. Kowane yaro da layinsa, da shekarunsa, da na nawa ne a wurin uwarsa. A gaban layin na zana gida biyu na cikewa: e, ya yi zazzaɓi, a'a, bai yi ba.

Wadda za ta riƙa zagayawa gida-gida wata jami'ar lafiya ce 'yar Mawashi, dattijuwa, ta yi shekara da shekaru tana awon ciki da rigakafi a yankin. Rabin yaran da zan bincika a hannunta aka haife su. Ina ce mata Hajiya, tana ce mini Dakta. Ranar da na kai mata takardun ta juya su gaba da baya, ta ce, "Dakta, wa za a riƙa tambaya?"

Na ce, "Uwa. Uwar da ta haifi yaron, ba wata ba."

"To in yaron shina wurin kakarshi hwa?"

"Hajiya, duk littattafan da na karanta sun nuna uwa ta fi kowa sanin lafiyar ɗanta. In muka fara tambayar kaka da gwaggo da maƙwabciya, aikin ya dagule. Abin da uwa ta faɗa, shi za ki rubuta."

Ta sake duban takardar. "Kuma gida biyu ɗai ne? E da a'a?"

Na yi 'yar dariya irin ta masu ilimi, na ce, "Ciwo ai ko an yi shi ko ba a yi ba."

Ta ninke takardun ta sa a jaka. Ta ce, "To, Allah shi ba da sa'a." Na ce amin da ƙarfi, ina ganin na gamsar da ita.

Na koma birni. Duk bayan mako biyu takardu su iso, tare da 'yan kwalaben jini a cikin akwatin ƙanƙara. Abin da na fita nema tsakanin manoma da makiyaya bai fito fili yadda nake so ba. Amma wata rana ina jera takardun a kan tebur sai idona ya kama wani abu daban. Layin farko na kusan kowane gida a'a ne, a'a, a'a, tun saukar ruwan fari. Na biyu da na uku da 'yan auta kuwa e ta cika musu layi. A gidan manomi haka, a ruga ma haka. 'Ya'yan fari ba sa ciwo.

Na tashi na rufe ƙofar ofis da makulli, don kada wani ya shigo ya sace mini ganowata da ido.

Jinin yaran ya so ya tona mini asiri tun a lokacin. Da na auna, sai na ga alamun haɗuwa da cutar a jinin 'ya'yan fari daidai da na ƙannensu, babu wani bambanci. Mai hankali da ya tsaya a nan ya tambayi kansa. Ni kuwa sai murna ta ƙaru. Na ce ai wannan shi ne abin mamakin: cutar tana shigarsu, amma ba ta kayar da su. Lalle akwai wani abu da cikin fari ke ba jariri wanda na baya ba sa samu. Har suna na raɗa wa abin a zuciyata, sunan kuma bai yi nisa da nawa ba.

Abin da ya ƙara ɗaure mini gindi shi ne ni kaina ɗan fari ne, kuma a sanina ban taɓa kwanciya ciwo ba ina yaro. Hujjata mai ƙarfi ce, daga bakin mahaifiyata ta fito. Lokacin da zan tafi ƙarin karatu ƙasar waje an ba ni takardar lafiya in cike, ana tambayar cututtukan da na yi a ƙuruciya. Na aiki ƙanwata ta tambayo Inna. Ta dawo ta ce Inna ta ce ita ba ta san na yi wani ciwo ba. Na cike takardar da a'a daga sama har ƙasa. Tun daga ranar nake yawo da wannan magana kamar lambar yabo. A taron sashe, bayan na nuna sakamakon Kusada, sai da na bugi ƙirji na ce ga misali nan tsaye a gabanku. Aka yi dariya, aka tafa.

Kada wani ya ce ban san alkunya ba. A cikinta na tashi. Tun daga yaye Gwaggo, yayar mahaifina, ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma a wata unguwa can bayan kasuwa. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In ina zaune a gabanta, sai ta juya ga ƙanwata ta ce, "A tambaye shi ko ya ci abinci." Na san al'ada ce, kowa ya sani. Amma na ajiye wannan sanin a wani aljihu daban, na gida, ban taɓa kawowa zai biyo ni har cikin ɗakin gwaje-gwaje ba. Kuma in zan faɗi gaskiya, na girma da ɗan ƙulli a zuciya. A ganina alkunya ce rabi, rabin kuma dai ba ta damu da ni can-can ba.

Akwai wani akushi da ya riƙa ƙara mini wannan zargi. Baƙi ne, tsoho, ya tsage a gefe an ɗinke shi da waya. Duk ranar da na je gida a cikinsa ake kawo mini tuwo, ƙannena kuwa a faranti mai fure. Ni da na zagaya ƙasashe! Wata rana na kasa haƙuri, na ɗaga akushin na yi wa duk gidan lacca a kan ƙwayoyin cutar da ke maƙalewa a tsagar katako. Inna tana tsince shinkafa ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce wa ƙanwata, "A ce mashi in ba ya ci a ɗauke." Na ci, don yunwa nake ji. Zuwa na gaba, a akushin aka sake kawo mini.

Na rubuta takardata, na aika wa masu bugawa, suka amsa da cewa abin ya ba su sha'awa, in ɗan gyara nan da can. Kujerar farfesa ta zo har bakin ƙofa. Saura hotuna da zan nuna in an gayyace ni jawabi, don na tabbata za a gayyace ni. Wannan ne kaɗai ya kai ni Bauranya a ƙarshen daminar, lokacin an fara yankan gero. Na sa farar rigar aiki da aka goge ta sha sitati, na ce wa Hajiya yau ni zan yi tambayar da kaina, ita ta riƙe waya ta ɗauke ni.

Da hantsi muka shiga wani gida. Matar gidan, yarinya ce ba ta wuce sa'ar ƙanwata ta ƙarshe ba, tana daka. Aka shimfiɗa mini tabarma. Na fara da ɗanta na biyu. Baki ya buɗe: ranar Laraba jikinsa ya yi zafi, ya yi amai sau biyu, ya ƙi nono, an ba shi magani kaza, jiya ya fara wasa. Na yi ta gyaɗa kai don hoton ya yi kyau. Sai na ce, "To babbar fa? 'Yarki ta fari?"

Ta sunkuyar da kai, ta gyara riƙon taɓarya. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Lahiya lau."

Na ɗora biro a gidan a'a. Ban kai ga ja ba na ji nishi daga ɗakin da ke bayanta. Na tashi na ɗaga labulen. Yarinya ce 'yar shekara shida ko bakwai kwance a kan gadon kara, wata tsohuwa tana shafa mata jiƙaƙƙen tsumma. Na taɓa goshinta, zafi ya sa na janye hannu.

Ban san lokacin da na fito ina faɗa ba. Na ce wa uwar wace irin uwa ce ita, 'yarta na ƙonewa tana ce mini lafiya lau. Na faɗi maganganu da yawa, wasu da Turanci. Ita dai ta ci gaba da dakanta. Tsohuwar ce, uwar mijinta, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare mini kallo tun daga takalmi har hula.

Ta ce, "Kai ɗan nan, daga wace ƙasa anka kawo ka?"

Na ce, "Ni ɗan Kankia ne, Iya."

"Kankia wagga tamu? To a Kankia uwa takan buɗe baki ta hwaɗi ciwon ɗan fari gaban baƙo, gaban uwar miji? Mi za ta ce maka? Ni za ka tambaya, ɗiyata ce. Wanga ne karo na uku da ta kwanta tun saukar ruwa."

Na dubi takardar da ke hannuna. Layin yarinyar a'a ne tun daga farkon damina. Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a ƙasa. A nan na lura da wani abu. Can ƙarƙashin bishiya akwai gurbin turmi, ƙasa ta lotsa ta yi santsi, ga ɓurɓushin dusa. Nan ne wurin daka na gidan. Amma yau an jawo turmin tun daga can, ga sawunsa a ƙasa, an kafa shi cikin rana daf da ƙofar ɗakin tsohuwar.

Muka ɗauki yarinyar da kakarta a motata zuwa asibitin Kusada. Uwar ba ta biyo mu ko zaure ba. Bayan an karɓe su, na ja Hajiya gefe na ce, "Kin san da haka?"

Ta ce, "Na hwaɗa maka tun ran farko, Dakta, ka ce littahi."

"To me ya hana ki rubuta gaskiya?"

"Kai ka ce abin da uwa ta hwaɗi. Wasu su ce lahiya lau, wasu su ce a tambayi masu shi, wasu su yi shiru su shige ɗaki. Gida biyu ka ba ni. Shiru dai ba e ba ne, sai in sa a'a. Maganin kam ina ba su, ta hannun kakanni."

Ta fito da littafin da take rubuta yaran da ta ba magani. Na bi shi da yatsa. 'Ya'yan fari sun cika shi kamar kowa.

Zan so in ce nan take na yanke shawarar janye takardar. Ban yanke ba. Na zauna a mota ina lissafin cewa babu wanda ya sani sai ni da Hajiya, ita kuma ba ta karanta irin mujallun da muke bugawa a ciki. Na ce ƙila dai bambancin bai kai yadda na zata ba, amma akwai shi. In babu shi, ni fa? Ni ai ban yi ciwo ba. Da wannan guntuwar igiya na tayar da mota na nufi Rimaye, inda Gwaggo ta koma da zama wurin ɗanta bayan rasuwar mijinta.

Na same ta a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Bayan gaisuwa na ce, "Gwaggo, ina so ki tabbatar mini da wani abu don aiki. Ina yaro ban taɓa yin wani babban ciwo ba, ko?"

Ta yi dariya har ta sarƙe, sai da na miƙa mata ruwa. Ta ce, "Kai? Wa ya hwaɗa maka?"

"Inna."

"Kuma ka yarda? Duk karatun nan naka?" Ta share hawayen dariya da gefen zane. "Baƙon dauro ya kama ka kana shekara uku. Idanunka sun rufe, bakinka duk ya tsattsage, ka zama kamar tsumma. Kwana tara muna juya ka. Har babanka ya bar shigowa ɗakin, ba ya iya gani."

 Sannan na tambayi abin da ban zo tambaya ba. Na ce, "Ita fa? Ta zo?"

"Ta zo duba ka? Ina! Da wane ido? Aro dai take zuwa." Gwaggo ta ture kwanon gyaɗar gefe. "Kullum da hantsi sai ga ta, ta ratso kasuwa da tsohon cikin ƙanwarka. Ta tsaya tsakar gida, ko ƙohwar ɗakin ba ta kallo. Ta ce, Yaya, a ba ni aron rariya. Matar da ke da rariya biyu! In ba ta. Ta tsaya tana jujjuya ta, wai tana duba ko ta huje, har sai ta ji ka yi tari. Da ta ji, sai ta ce sai an jima. Gobe ludayi. Jibi maburgi. Gata faifai. Sai da ta kusa kwashe mani kayan girki kaf, ina tuƙa tuwo da muciyar maƙwabta."

Na ce, "Ba ta taɓa tambaya ba?"

"Ko sau ɗaya. Ni ma ban taɓa ce mata komi ba. Ran na tara ta zo ba ka yi tari ba. Ta tsaya, ta tsaya, shiru. Sai ta nemi wuri ta zamna a ƙasa, bakin murhu. Ranar ba ta ari komi ba. Anka yi azahar tana nan. Anka yi la'asar tana nan, ko ruwa ta ƙi sha. Can sai ka buɗe ido ka callara kuka, wai tuwo kake so. Na dama maka ɗan tuwo da miya a akushi, ka ci loma uku. Na hito da akushin, sai ta miƙe ta kakkaɓe zane ta ce, Yaya, a ba ni aron wanga." Gwaggo ta jawo kwanon gyaɗarta. "Sauran duk ta maido. Akushina kam har yau. Baƙi ne, da tsaga a gehe. In ka je ka ce ina biɗar abina."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ta lulluɓe ta Bauranya ta shanye. Tare da ita kuma wani daɗi, mai ciwo. Ina da shekara arba'in da ɗoriya a ranar, na zauna a gaban tsohuwa ina goge tabarau da ba su yi datti ba.

Da na koma birni na rubuta wa masu bugawa cewa na janye takardar, kuskuren kuma nawa ne. Shugaban sashenmu ya kira ni ya tambaya ko lafiya. Waɗanda suka tafa mini a taro suka riƙa gaishe ni da "ina gajiya, ɗan fari". Damina ta gaba na sake aikin daga tushe, da gida na uku a takarda, da layin kaka, da sunan Hajiya a cikin marubuta. Sakamakon bai girgiza kowa ba: 'ya'yan fari suna ciwo kamar kowa. Kujerar farfesa ta zo daga baya, a makare, ta wata hanyar.

Amma duk wannan daga baya ne. A ranar, daga Rimaye Kankia na wuce, na isa bayan la'asar. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsinkar zogale. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon zogalen. Ƙanwata ta shimfiɗa mini tabarma, ta shiga ta fito da tuwo. Ta ajiye akushin a gabana tana ƙunshe dariya, tana jiran lacca.

Na wanke hannu na ci. Na cinye tas, na suɗe har cikin tsagar, inda ƙwayoyin cutar suke. A hanya na shirya maganganu masu yawa, na godiya da na neman gafara, amma na san in na faɗi ko ɗaya tashi za ta yi ta shige ɗaki. Sai na juya ga ƙanwata, yadda ake yi a gidanmu, na ce, "Daga Rimaye nake. A faɗa wa Inna Gwaggo ta ce tana neman akushinta."

Hannun Inna ya tsaya a cikin zogalen. Ba ta dube ni ba. Ta daɗe haka, har ƙanwata ta fara duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ci gaba da tsinka.

Ta ce, "A ce mata ba a gama da shi ba."